Lemun da Ba a Fere Ba

Shekara ashirin da bakwai Sai-Gobe ya yi yana tuƙa baƙi 'yan yawon buɗe ido, a ƙasar da ofisoshin jakadanci suka daɗe da shafa wa jan launi a taswirorinsu. Mutum ne gajere mai kaurin wuya, wanda ko dariya zai yi ba a jin sautinta. Ya fara da motar ɗaukar yashi, ya koma ta haya, daga bisani wani ƙaramin kamfani mai motoci huɗu ya ɗauke shi, saboda yana jin harshen baƙin gwargwadon abin da zai ce musu su zauna, su yi shiru, su ɓoye kyamara. Aikinsa guda ne: ya kwashi mutane a ƙofar otal da safe, ya kai su wani babban kogon dutse mai tsofaffin zane-zane, tafiyar awa uku, ya komo da su kafin rana ta faɗi, adadinsu bai ragu ba.

Baƙin da ke zuwa irin wannan ƙasa ba su da yawa, kuma kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka karanta gargaɗin suka zo a tsorace, ko buhu suka hanga a gefen titi sai su ƙanƙame kujera. Akwai kuma waɗanda suka karanta suka raina, waɗanda da sun kwana biyu za su fara cewa ai ƙazafi jaridu suka yi wa ƙasar, ga mutane nan masu fara'a. Na biyun su suka fi wahalar da shi, domin da gaskiyarsu, mutanen masu fara'a ne, amma wannan ba ya hana a tare hanya. Saboda haka bai taɓa gaya wa ma'aikacin otal ƙarfe nawa zai tashi ba, kuma bai taɓa tashi a lokaci ɗaya sau biyu a jere ba. Da hannunsa ya kankare tambarin kamfani daga ƙofar farar motarsa. Yakan buga kwafin fasfon kowane baƙo har guda goma, ya riƙa miƙa ɗaya a kowane shingen jami'ai, don kada ainihin fasfon ya bar aljihun mai shi.

Sunan kuwa abokan aikinsa ne suka laƙaba masa. Wani lokaci sai a yi tafiyar awa biyu lafiya lau, ba tare da an ga komai ba ya juya kan mota, ya ce wa baƙi injin ya ɗauki zafi, ko ruwa ya ci gada, sai gobe. Baƙi su yi ta ƙorafi, Manaja ya yi ta ba da haƙuri, direbobi su yi ta dariya. Wasu na cewa mafarki yake yi, wasu na cewa wani malami ne ya ba shi laya mai motsi a aljihu. Shi dai bai taɓa musa wa kowa ba.

Gaskiyar maganar ba ta kai haka ban mamaki ba. Akwai wata kwana a kan hanyar, ita ce ta ƙarshe kafin titi ya gangara cikin kwari. Daga nan babu ƙauye, babu shinge, babu sabis na waya, sai daji da duwatsu har kogon. A wannan kwana mata kan jera tirori suna sayar da kayan marmari, kuma a cikinsu akwai wata siririyar mace mai lemu, wadda ke zama a ƙarshen layi da wuƙarta. Shekara goma sha tara da suka wuce, maciji ya sari mijinta a gona, aka fito da shi bakin titi, motoci uku suka wuce ba su tsaya ba. Sai-Gobe ya tsaya, ya matsar da baƙinsa, ya kai mutumin asibiti, ya kuwa rayu. Bayan mako biyu da ya tsaya sayen lemu, matar ta sunkuya kamar tana gyara tire, ta yi masa magana ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce matan ƙauyensu masu shiga daji neman itace suna ganin sawun babura da tokar wutar da ba ta mafarauta ba, kuma su ma masu baburan, wato masu tare hanya, a wurinta suke sayen lemu, don haka bakinta ba zai taɓa furta komai ba.

"In ka ga na fere, ka wuce," in ji ta. "In ka ga ban fere ba, ka saya ka koma gida. Ko matarka kada ta ji, in ba so kake a yanka ni a gaban 'ya'yana ba."

Tun daga ranar bai taɓa gangarawa kwarin ba sai ya tsaya a gaban tirenta. Ba su ƙara wata magana ba bayan gaisuwa da ciniki. A cikin shekara goma sha tara, sau goma sha ɗaya ya tarar da lemun da ɓawonsa. A huɗu daga ciki, ya ji daga baya cewa an tare wata mota a kwarin. A sauran bakwai bai ji komai ba, bai kuma tambaya ba.

Gidansa kuwa ya zama gidan lemu. Matarsa takan ce tun tana amarya ba ta taɓa ganin namiji mai tsoron mura kamarsa ba, yara kuma suka kai ga ko ƙanshin ba sa so. Wanda ya fi kowa tsokana shi ne Auta, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe tun mahaifinsu ya rasu, ya koya masa tuƙi, ya yi masa aure, ya kuma samo masa aiki a kamfanin. Auta dogo ne mai surutu, yana da shekara arba'in da 'ya'ya uku, baƙi na son sa saboda yana ba su labari har su manta da zafi. Shi ke zagayawa da su cikin gari da kai su filin jirgi. Ya taɓa raka yayansa kogon sau biyu, ya ga matar, tun daga nan ya sa mata suna budurwar Yaya. Yakan shigo gidan ya ce wa matar Sai-Gobe ta shirya, ya ga wadda za ta ƙwace mata miji, haƙoranta huɗu ne amma ta iya riƙe wuƙa. Ita kuma ta ce in dai za ta zo ta taya ta shanye lemun nan, ta yi mata maraba. Sai-Gobe yana gefe yana goge takalmi.

A shekarar da ya cika hamsin da takwas, hukumar da ke kula da yawon buɗe ido ta ƙudurta wanke sunan ƙasar. Aka buga hotuna, aka gayyato 'yan jarida daga waje, aka kuma yanke shawarar cewa hanyar kogon ta yi ƙazanta da yawa ga idon baƙo. Wata Litinin Sai-Gobe ya iso kwanar da baƙi uku, ya tarar an share ta tas. Babu tire, babu rumfa, babu mace ko ɗaya. An dasa ƙananan itatuwa a jere, an shafa wa duwatsu farin fenti, an kafa allo mai yi wa baƙi maraba da harsuna uku. Baƙin suka ce wurin ya yi kyau. Shi kuwa ya tsaya ya fito, ya buɗe gaban mota, ya daɗe yana kallon injin da babu abin da ya same shi, yana jin kamar an ɗaure masa ido an ce ya yi tuƙi. Wani makiyayi da ke wucewa ya ce masa an kori matan tun ranar Asabar, an kuma ce duk wadda ta dawo za a ƙwace kayanta a tafi da ita. Ya rufe gaban motar ya juya.

Washegari ma ya je, ya juya. Ran Laraba ya ce ba ya jin daɗi.

Ran Alhamis Manaja ya kira shi ofis. Ɗaki ne ƙarami a bayan otal, mai fanka ɗaya da kalandar bara, makullan motoci huɗu a rataye a jikin ƙusa. Manaja ba mugun mutum ba ne. Tsohon malamin makaranta ne da ya sa duk abin da ya mallaka a harkar. Ya ce shekara da shekaru yana haƙuri da juye-juyen nan saboda sau ɗaya ne ko biyu a shekara, amma yanzu da hukuma ta gyara hanya, ta ƙara shinge a farkonta, baƙi suka fara zuwa, shi ne za a ce ba za a je ba? Ya roƙe shi ya faɗi dalili guda ɗaya da za a iya gaya wa mutum mai hankali.

Sai-Gobe ya dubi makullan. Ya san Manaja sarai: mutum ne da in ya ji labari mai daɗi ba ya iya kwana da shi. Zai ba baƙi a wurin cin abinci, baƙi su rubuta, su sa a intanet, kafin wata ya ƙare duk wanda ke da waya a dajin nan ya san wace ce mai lemun kwana. An kore ta daga titi, amma ba a kore ta daga ƙauyen ba, tana nan a bakin dajin da jikokinta.

"Ba ni da dalili, ranka ya daɗe," ya ce. "Hanyar ce ban gane ta ba."

"Shekara ashirin da bakwai, yau ka daina gane ta?"

"Yau na daina."

Manaja ya miƙe ya ciro makullin farar motar, ya sa a aljihu. Ya ce daga gobe Sai-Gobe ya koma kai baƙi filin jirgi, Auta ya karɓi farar motar da hanyar kogo.

Da yamma Sai-Gobe ya je gidan Auta, ya same shi a tsakar gida yana gyara wa 'yarsa keke, matarsa kuma tana kan keken ɗinki a ƙofar ɗaki, domin tela ce. Ya ja shi waje ya ce masa kada ya karɓa. Auta ya ce in bai karɓa ba Manaja zai ɗauko wani daga waje, wanda bai san ko ramin farko ba, kuma in baƙi suka daina ganin kogon kamfanin ya mutu, su duka su zauna a gida suna kallon juna. Sa'an nan ya yi murmushi ya ce ya san abin da ke damun Yaya: an kori budurwa, hanya ta daina daɗi.

A nan ne maganar ta zo wa Sai-Gobe har bakin leɓe. Ya auna ta. Matar ba ta nan, tiren ba ya nan, to me faɗin zai amfana wa Auta? Alamar ta mutu, haɗarinta ne kawai ya rage, kuma Auta ya fi Manaja sakin baki. Sai ya haɗiye. A maimakon haka ya gaya masa duk sauran: kada ya faɗi lokacin tashi, kada ya tsaya wa kowa a kwarin ko da gawa ya gani a titi, ya baro kogon kafin ƙarfe biyu, ya riƙa duba taya da kansa. Auta ya ce duk ya haddace waɗannan tun yana ɗan kwandasta.

Sau biyar Auta ya je ya dawo lafiya. Direbobi suka fara cewa ashe layar Sai-Gobe tsoro ce kawai, shi ma ya fara tunanin ko tsufa ne ya kama shi. Ya riƙa kai mutane filin jirgi, yana ɗaukar akwatuna, yana dawowa gida hannu wofi, har matarsa ta ce abin mamaki yau ita ce ke marmarin lemu.

Tafiya ta shida ta faɗo ranar Talata. Baƙin wani tsoho ne da matarsa, masu sha'awar kallon tsuntsaye, waɗanda suka ce 'ya'yansu sun yi ta hana su zuwa amma a shekarunsu ba su ga abin da za su yi wa tsoro ba. A safiyar Sai-Gobe ya kai motar filin jirgi gareji saboda birki. Wayarsa ta mutu, ya ba mai shagon kusa ya sa masa caji, ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallon makanike. Sai da rana ta take tsaka ya karɓo ta. Ya kunna, ya ga saƙon murya daga Auta, an aiko shi tun ƙarfe goma saura. Ya kara a kunne.

Muryar Auta ce cike da dariya, da ƙarar injin a bayanta. "Yaya, albishirinka. Budurwarka ta dawo. Ita kaɗai a kwanar nan, ta zauna a gindin allon hukuma kamar gidan ubanta. Na sayo maka leda guda. Sai dai ta lalace da ƙyuya, ko ɗaya ba ta fere ba, sai ka sa uwargida ta fere maka. Ta riƙe ledar ta ƙi saki, sai tambaya take ina mai motar, ina mai motar. Na ce mata ya yi ritaya daga soyayya. To, za mu gangara, sai mun dawo."

Ya saurara sau ɗaya kawai. Ya kira, aka ce ba a samun lambar. Ya sake kira har sau tara yana tafiya, ya bar motar a kan jak, ya tari babur zuwa ofis. Ya gaya wa Manaja an tare Auta a kwari. Manaja ya tambaye shi wa ya faɗa masa, ya ce babu wanda ya faɗa masa, a dai kira jami'an tsaro. Manaja ya ce ba a tayar da jami'ai a kan zato, a jira ƙarfe biyar, lokacin da suka saba dawowa. Suka zauna a ƙarƙashin fankar suna jira. Ƙarfe biyar ta yi, shida ta yi. Manaja ya ɗauki waya ya kira jami'an tsaro.

Washegari da hantsi aka ga motar, kilomita goma sha biyu bayan kwanar, an karkatar da ita cikin ciyawa. Da Sai-Gobe aka je, domin shi ya san ta. Ƙofofi huɗu a buɗe, makulli a jiki, babu jini. Littafin tsuntsaye yana ƙasan kujerar baya a kife, hular matar tsohon tana kan titi, ledar lemu tana kujerar gaba ba a ko kwance ta ba. Shi ya tuƙo motar zuwa gari a bayan motar jami'ai. Da suka zo kwanar babu kowa. Daga baya wani direban babbar mota ya ba da labari a gareji, ba tare da ya san muhimmancin abin da yake faɗa ba, cewa kwana uku a jere yana ganin wata tsohuwa ita kaɗai a wurin da tire, har yana mamakin ƙarfin halinta. Sai-Gobe ya gane cewa farar motar take jira, kuma ta tsaya a gabanta, sai dai wanda ke ciki bai san abin da yake kallo ba.

Baƙin sun yi kwana hamsin da biyu a daji, a hannun waɗanda suka sace su. Yadda aka yi aka sako su, manya ne suka sani. An ɗauke su a motar ofishin jakadanci zuwa asibiti, daga can zuwa jirgi, jaridun ƙasarsu suka buga hotonsu a shafin farko. Kafin su tafi, tsohon ya nemi a kawo masa wani daga dangin direban. Ya riƙe hannun Sai-Gobe da hannuwa biyu, ya ce a rana ta uku matarsa ta kasa tafiya, direban ya tsaya yana yi wa waɗanda suka kama su gardama a kan a bar ta ta huta, yana yi yana ba su dariya, har suka yarda. A rana ta biyar aka raba su, aka tafi da shi wani wajen. Bai sake ganinsa ba. Babu ofishin jakadancin da ya tambayi inda direban yake, jaridun kuma sun ambace shi a layi ɗaya, ba tare da suna ba.

Kamfanin bai kai ƙarshen shekarar ba. Manaja ya sayar da motocin ya koma koyarwa. Sai-Gobe ya sami tuƙin tankar ruwa a cikin gari, yana kai wa masu gini. Bai taɓa neman ƙauyen mai lemun ba, domin ya san zuwansa ƙofarta shi ne abin da zai nuna ta. Duk ranar Litinin yakan ɗauki matar Auta ya kai ta ofishin jami'an tsaro, su zauna a benci, a ce musu ana kan bincike, su dawo.

Wata takwas ana haka. Wata Litinin da suka dawo da azahar, ta ce ya shigo ya sha ruwa. Ta zauna a gaban keken ɗinkinta, ta sa ƙyalle a ƙarƙashin allura, amma ba ta taka ba. Ta ce akwai abin da take so ta tambaye shi tuntuni. Manaja ya gaya mata cewa tun kafin ƙarfe ɗaya Yaya ya shigo ofis ya ce an tare su, alhali babu wanda ya sani sai washegari.

"Yaya, me ka sani?"

Yana iya cewa jikinsa ne ya ba shi; kowa zai yarda, an daɗe ana faɗin haka a kansa. Amma ya gaji. Ya gaya mata duka, tun daga saran macijin har zuwa yammacin da ya tsaya da mijinta a ƙofar gidan nan ya haɗiye maganar. Bai faɗi sunan ƙauyen ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya kunna mata saƙon, ta ji muryar mijinta yana dariya.

Ta dubi allurar. Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba.

"Kalma nawa ce, Yaya? In ba a fere ba, ka juyo. Ko ni da ba na tuƙi na riƙe ta yanzu."

Ya ce ya yi alkawari ne, kuma ya ɗauka matar ba za ta dawo ba.

"Ita ta dawo," in ji ta. "Ta fi ka sanin darajar ran mutum. Ka tashi ka tafi, yara sun kusa tasowa daga makaranta, ba na so su same ka a nan."

Ya tashi ya sa takalminsa. Litinin ta gaba da ya zo da safe, maƙwabciya ta leƙo ta ce masa ta riga ta tafi ofishin a motar haya, ta kuma ce a gaya masa kada ya ƙara wahalar da kansa. Ya koma cikin tankar ya zauna, ya jira har ya ga ta sauko a bakin titi da azahar, ita kaɗai, ta shige gida. Sa'an nan ya tayar da mota ya tafi kai ruwan da aka yi odarsa tun safe.